Muryar Baffana Tana Cikin Kwamfutarka

Zuwa ga Mai Shagon Tura Waƙoƙi da Ɗora Faifai,
Layin Masu Waya,
Kafanchan.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, zan fara da neman afuwa. Na san ba a so yarinya kamata ta ɗauki biro ta rubuta wa babba wasiƙa irin wannan, balle har a sa ta inda jama'a za su karanta. Ka girme ni nesa ba kusa ba, wataƙila ma kana da 'ya sa'ata. Ko a makaranta ni ba mai magana ba ce, idan malami ya kira sunana sai in ji muryata ta maƙale. Kai ma ka ga haka, domin duk zuwan da na yi shagonka kaina a sunkuye yake. Abin da bakina ya kasa faɗa a gabanka shi ne na zauna na rubuta. Na karanta wa Babana, ya ce in cire sunanka da sunan shagonka, na cire. Bai ce in cire sauran ba.

Sunana Hajara. Ina aji biyu a babbar sakandare a nan Kafanchan. Gidanmu yana bayan Madakiya. Mu Fulani ne, amma mun daɗe da zama wuri ɗaya, muna noman masara da citta. Babana yana tuƙa motar haya tsakanin Kafanchan da Zonkwa. Ni ce yarinyar nan mai farin hijabin makaranta da ta kawo maka wayar babanta a makon da aka fara haƙar citta. Idan ka ce ba ka tuna ni ba, na tabbata ka tuna ranar da ka ba mutanen layinku dariya da muryar wani Bafulatani.

Ba ka taɓa tambayar abin da ke cikin wayar ba, don haka bari in gaya maka.

Kakata, wadda muke kira Maama, ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi sosai. Ɗanta na fari shi ne Baffa Dikko, yayan Babana. Shi bai zauna ba. Tun ina firamare ya kora shanu ya yi wajen Taraba, kuma tun daga nan Maama ba ta sake sa shi a ido ba. Ba shi da waya, inda yake ma babu sabis. Da damina ta ƙare ya shigo wata kasuwa, ya roƙi wani mai cajin waya ya ɗauki muryarsa, aka turo wa Babana. Duk saƙonnin na Maama ne. Ya gaishe ta, ya ba ta labarin jikokin saniyar da ta ba shi yana yaro, kowace da sunanta. Ya ce matarsa ta haifi mace, an sa mata sunan Maama. A na ƙarshe ya nemi gafararta saboda daɗewar da ya yi, har muryarsa ta karye.

Mun kara mata wayar a kunne, ba ta ji komai ba. Mun aro ƙaramar lasifika, ta ce kamar ƙudan zuma ne a cikin tulu. Wuri ɗaya ne muka san tana jin magana sarai: cikin motar Babana, idan ta zauna a baya ta jingina kanta kusa da lasifika, aka rufe ƙofofi. Mun gano haka ne wata rana a hanyar asibiti, da ta yi dariyar wani abu da mai labarai ya faɗa. Amma rediyon motar tsoho ne. Ba ya haɗuwa da waya, ba shi da ramin memori, faifai kaɗai yake ci. A fuskarsa an rubuta MP3. Shi ya sa aka aiko ni wurinka.

Ga abin da ka yi mana.

1. Ka yi ha'inci a aikin.

Na gaya maka a mota za a sa faifan. Na gaya maka abin da aka rubuta a jikin rediyon, har na nuna maka a takarda don kada in yi kuskure. Ka ce tun kafin a haife ni kake wannan aiki. Ina tsaye a bayanka lokacin da ka kwashe saƙonnin zuwa kwamfuta. Na ga kowane suna yana da wasu haruffa a ƙarshensa, opus. Na ga ka goge su ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta mp3 a wurinsu. Kwamfutar ma ta fito da gargaɗi, ka danna ka wuce ba ka ko karanta ba. A lokacin na ɗauka haka ake yi.

Daga baya na kwatanta wa Malama Saratu, malamarmu ta kwamfuta, abin da na gani. Ta riƙe baki. Ta bayyana mini cewa saƙon murya na waya yana da nasa tsari, rediyon mota kuma iri biyu ko uku kawai ya sani. Kafin ya karanta, sai an juya sautin da kansa daga wancan tsari zuwa MP3, ko kuma a ɗora shi a matsayin faifan sauti na asali, irin wanda kowane rediyo yake karɓa. Akwai manhajar da ke yin haka, kuma ta ce duk mai shago irin naka yana da ita. Canza suna kawai ba ya juya komai. Ta ce daidai yake da a cika buhu da gero a rubuta citta a jikinsa.

To, Yallaɓai, ɗaya ne cikin biyu. Ko dai ba ka san wannan ba, ka ga ke nan allon da ke ƙofarka ƙarya yake yi. Ko kuma ka sani, ka dube ni ka ga 'yar ƙauye da ba za ta gane ba, ka ga bai kamata ka ɓata lokacinka a kaina ba. Na yi ta tunani, na kasa sanin wanne ya fi muni.

2. Ka cika faifan da abin da ba a sa ka ba.

Ka ce akwai sauran wuri da yawa, za ka yi mini gyara. Na ce a'a a hankali, ƙila ba ka ji ba, ƙila kuma ka ji. Ka zuba waƙoƙin rawa har faifan ya cika. Su kuwa MP3 ne na gaskiya.

Ranar da na kawo faifan gida, Babana ya bar lodi ya dawo gida da la'asar, ya wanke motar. Ba mu gwada faifan ba, domin mun yarda da kai. Maama ta ɗaura zanen da take ɗaurawa ranar Salla, ba ta ce don me ba, mu ma ba mu tambaya ba. Matan gidanmu suka fito. Maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, wadda ta san Baffa tun yana saurayi, ta bar aikin cittarta ta zo ta tsaya. Aka taimaka wa Maama ta shiga baya, ta kwantar da kanta inda ta saba. Babana ya rufe ƙofofi, ya ƙure ƙarar rediyon, ya sa faifan.

Ɗan gilashin rediyon ya nuna lamba ta farko, shiru, ya tsallake. Ya nuna ta biyu, shiru, ya tsallake. Haka ya yi ta tsallake Baffana har ya ƙare. Maama tana ta ƙara manna kunnenta, tana tsammanin laifin kunnenta ne. Sai kawai ganga ta fashe a kanta, da iyakar ƙarfin rediyon, da wata waƙa wadda ba zan iya rubuta kalmominta a nan ba. Tsohuwa ta zabura har kanta ya bugi gilashi. Ƙananan yara suka fashe da dariya don ba su san komai ba. Babana ya rikice, ya rasa inda ake kashewa a motar da yake tuƙawa kullum.

Maama ta ƙwanƙwasa ƙofa aka buɗe mata. Ta ƙi a riƙe ta, ta taka da kanta har ɗaki, ta canza zanen.

Wannan ita ce gyararka.

3. Ka goge abin da ba naka ba.

A daren farko mun ce ba komai, ai saƙonnin suna cikin waya, sai a kai wa wani. Da Babana ya duba, babu su. Sai na tuna ka ce wayar ta cika, tana nauyi, bari ka share mini ita. Ban roƙe ka ba. Ban san cewa sharar taka ta haɗa da muryar Baffa ba. Wa ya ba ka izini? Mutum ya kawo maka kaya ka kwafa, sai ka kwafa ka zubar da na asalin?

Mun kira lambar da aka turo saƙonnin da ita. Mai cajin ya ce shi ba ya ajiye saƙon mutane, kuma Fulanin sun tashi, bai san inda suka nufa ba. Baffa ba zai sake shigowa gari ba sai lokacin da Allah ya yi.

4. Ka wulaƙanta mu a bainar jama'a, sannan ka riƙe faifan.

Na dawo shagonka bayan an tashi makaranta, na gaya maka faifan bai yi ba. Ka karɓa ka sa a kwamfutarka, ya yi magana. Malama Saratu ta ce dole ya yi, domin kwamfuta tana duba cikin abu ta gane shi ko da an yi masa sunan ƙarya, rediyon mota kuwa ba shi da wannan wayon. Na tabbata kai ma ka san haka. Amma sai ka ce in ji da kunnena, aikinka lafiya lau, motar ubana ce ta ruɓe, ya je ya sayi rediyon zamani, kuma kana da su na sayarwa.

Da ka tsaya nan da na haƙura. Sai ka haɗa da babbar lasifikar da ke ƙofar shagon, wadda kake kiran masu saye da ita. Muryar Baffana ta cika layin. Saƙon ƙarshe ne, wanda yake neman gafara. Masu gyaran waya suka ɗago kai, masu acaɓa suka tsaya. Kai kuma kana kwaikwayon Fulatanci da baki a karkace, kana cewa wai saboda wannan surutun daji ne nake damunka. Da aka zo inda muryarsa ta karye, ka maimaita wurin don a ƙara dariya.

Yallaɓai, mutumin da ka yi wa dariya bai taɓa kuka a gaban kowa ba. Wannan maganar tsakaninsa da mahaifiyarsa ce. Duk layinku sun ji ta, har da masu wucewa da ba su san shi ba. Wadda aka yi dominta ce kaɗai ba ta ji ba har yau.

Akwai wata mata mai sayar da katin waya kusa da kai da ta ce ka ji tsoron Allah ka kashe. Ban san sunanta ba. Idan ta ga wannan wasiƙa, na gode mata.

Daga nan ka ce in bar faifan za ka duba. Na bari. Na sake dawowa, ka ce ya shige cikin tarin faifai, ba ka da lokacin nema. Babana da kansa ya bar layinsa a tasha ya zo, ka bar shi a tsaye kana tura wa samari finafinai, sannan ka ce ya dawo wani lokaci. Babana ba mai faɗa ba ne, ya sa hularsa ya tafi. Ban taɓa ganin an yi masa haka ba, kuma ban yafe wannan ba.

5. Ga halin da ka jefa Maama.

Wataƙila za ka ce, to ku gaya mata abin da ya faɗa mana, tunda kun ji. Mun gaya mata. Babana ya durƙusa ya faɗa mata da ƙarfi a kunne, ni ma na maimaita. Ta gyaɗa kai kawai.

Akwai abu biyu da ba ka sani ba game da mu. Na farko, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta tambayar lafiyarsa a fili, ba ta nuna tana kewarsa. Kunya ce da aka gada. Tunda nake ban taɓa jin Maama ta ce Dikko ba, sai dai ta ce mai garke, shi ma ba kullum ba. Don haka ba za ta iya buɗe baki ta tambaye mu ko yana raye ba. Na biyu, idan aka yi rasuwa a nesa, ba a gaya wa tsoho kai tsaye. Ana lallaɓa shi, a ce ana gaishe shi, a ce jiki da sauƙi, har sai manya sun taru. Maama ta san wannan sarai, domin ita ma an sha sa ta ta ɓoye wa wasu.

To ka duba abin ta wajenta. An ce mata ɗanta ya aiko da murya. An tara mutane, an sa ta a mota, babu murya. An ce tana cikin waya, an duba, babu. An ce tana wurin wani mutum a Kafanchan, kullum gobe. Me kake so ta ɗauka?

Ta ɗauka ya mutu muna ɓoye mata. Ba ta faɗa ba, amma duk gidan mun gane. Ta rage cin abinci, furar da take so ma sai ta kurɓa ta ture. Ta daina fitowa shan hantsi. Duk baƙon da ya yi sallama, sai ta gyara lulluɓi ta zauna tsaf, irin zaman mai jiran a faɗa masa. Jaririyar da aka ce an sa wa sunanta ko sau ɗaya ba ta tambaya ba. Ni nake kwana a ɗakinta, ni nake ganin yadda zanenta yake ƙara yi mata yawa. Rantsuwarmu ba ta da amfani a wurinta, domin ta san ko a kan ɓoyon ma ana rantsuwa. Muryarsa kaɗai za ta yarda da ita.

Muryar kuwa ba ta ko'ina a duniya sai shagonka: a faifan da ka ce ya ɓata, da kuma cikin kwamfutarka, a inda ka zuba ta ranar farko. Zuwana na ƙarshe na ji kana gaya wa wani cewa kwamfutar ta yi nauyi, za ka wanke ta, wato ka goge duk abin da ke cikinta, kafin aikin Kirsimeti ya taso. Na riga na ga yadda sharar taka take. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba, shi ya sa ban jira na gama jarrabawa ba na rubuto.

6. Ba mu kaɗai ba ne.

Da Mama Rifkatu ta ji sunan shagon, ta ce su ma haka ka yi wa Zumuntar Mata na cocinsu. Sun ɗauki waƙoƙinsu a waya don su riƙa bita a mota a hanyar taro, faifan ya ƙi yi, ka ce motar ce. Su sun yi sa'a, nasu waƙoƙin suna cikin wayoyi da yawa. Na faɗi wannan ne don kada ka ce tsautsayi ne na rana ɗaya.

Abin da nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne babba: kada ka wanke kwamfutar nan. Kada ka goge komai, kada ka gyara komai, kada ka ƙara mana komai. Ka mayar da saƙonnin cikin wayar Babana yadda suke. Idan ka yi wannan kaɗai, Malama Saratu ta ce za ta juya su da kanta, mu nemi wani ya ɗora.

Na biyu, idan kana so ka gyara aikinka da hannunka, ka juya sautin da gaske, ka ɗora shi a matsayin faifan sauti na asali, babu waƙa ko ɗaya a ciki. Babana zai kawo motar ƙofar shagonka a gwada a gabanka, da ƙofofi a rufe. Ba ma so layinku su sake ji.

Na uku, ka ba Babana haƙuri. Ni ba sai ka ba ni ba.

Na huɗu, ina roƙon shugabannin masu wannan sana'a a Kafanchan, idan wasiƙar ta kai gare su, su sa doka a riƙa tambayar mutum inda zai sa faifai kafin a ɗora masa, kuma kada a goge komai a wayar mutum sai da yardarsa. Yawancin masu zuwa wurinku ba su san bambancin waɗannan abubuwa ba. Shi ya sa suke zuwa.

Ba na neman a rufe maka shago. Na san da shi kake ciyar da iyalinka. Ina yi maka addu'a Allah ya sa albarka a sana'arka, ya ba ka tsoronsa a cikinta. Idan mahaifiyarka tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar mata jinta da ganinta, kada ya sa ta zauna tana jiran labarinka a hannun wanda bai damu ba. Idan ta rasu, Allah ya ji ƙanta, kai ma ka san abin da za ka iya bayarwa don ta sake jin muryarka sau ɗaya.

Idan na yi rashin kunya a wani wuri, a yafe mini. Na karanta wasiƙar nan sau da yawa ina neman abin da ba gaskiya ba don in cire, ban samu ba.

A ƙarshe ina neman izininka in sake rubuto maka sau ɗaya, a nan inda kowa zai gani. Idan Maama ta ji muryar ɗanta, zan rubuto in gode maka da sunanka, in Babana ya yarda. Idan kuma ba ta ji ba har abin da muke tsoro ya faru, zan rubuto in sanar da kai, domin ya kamata ka sani. Wadda za ka karɓa a cikin biyun tana hannunka.

Wassalam.

Ni ce,
Hajara,
jikar Maama, daga bayan Madakiya.